Neman Madabod ɗin Kwamfutar Kawu

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025

Da hantsi Kawu ya kira ni, ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Kai, zo ka duba mini abar nan, tun Asabar ta ƙi tashi." Abar da yake nufi ita ce tsohuwar kwamfutar shagonsa na Tudun Wada a Kaduna, wadda ke sarrafa injin yankan sitika. Rubuce-rubucen da ke bayan Keke Napep na layinsu, da lambobin gidaje, da allunan makarantun Islamiyya, da yawansu daga cikinta suka fito. Ya ce ranar Asabar da yamma aka ɗauke wuta, aka maido ta da ƙarfi har ƙwan shago ya ƙone, daga nan kwamfuta ta yi gum.

Na isa bayan azahar. Dell ce mai tsayuwa, irin na ofis ɗin nan da ake shigo da su na hannu, a goshinta an rubuta OptiPlex 760. Na danna maɓalli. Fanka ta juya, maɓallin ya kawo wuta ruwan goro ya tsaya a nan, bai koma kore ba. Monita ko ƙyaftawa bai yi ba.

Kafin in taɓa komai na zare had-disk ɗin, wato ma'ajiyar fayilolinta, na jona shi da laftof ɗina ta wayar SATA mai kan USB, na kwafe abin da ke ciki tas. Zanen CorelDRAW ne na shekaru, tambarin makarantu, na ƙungiyoyin 'yan kasuwa, har da haruffan ajami da Kawu ya zauna ya zana ɗaya bayan ɗaya. Babu kwafinsu a ko'ina. Da na yi masa magana sai ya ce ai kwamfutar ba ta taɓa ba shi kunya ba. To, yau ta ba shi.

Yaron shagonsa ya ce a sayi sabuwa kawai kowa ya huta. Ni ma da farko bakinmu ɗaya, sai da na leƙa bayanta na ga abin da ya ɗaure mu. Injin yankan ta kafar siriyal yake karɓar umarni, mai haƙora 9 ɗin nan. Wannan mai sauƙi ne, akwai wayar da ke mayar da USB siriyal. Ƙullin yana wurin manhajar yankan: tana da ɗan mabuɗi kamar akwatin ashana da ke maƙale a kafar firinta ta da, mai ramuka 25. In ba ta gan shi ba, ba ta buɗewa. Wayoyin da ke mayar da USB kafar firinta kuwa firinta kaɗai suka sani. Akwai katin da ake cusa wa sabuwar kwamfuta ya ba ta irin wannan kafa, amma tsofaffin mabuɗai da yawa adireshin asali suke nema, wato 378, katin kuma wani adireshin yake ɗauka. Ga Windows 7 da aka daidaita komai a kanta.

Kawu ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani, ɗana. Gyara mini ita." Na ce, "To Kawu, ku ba ni 'yan kwanaki, amma ba zan yi muku alkawarin gobe ba."

Talata, 4 ga Nuwamba

Na kawo ta gida a Keke, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida don na san abin da zan tarar. Ai kuwa ƙurar da ke tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta zama kamar bargo, da yatsa biyu na ɗaga ta. Bulowa ta ƙarasa sauran. Iska ta fara bushewa, lokacin da in ka taɓa ƙofar mota sai ta yi maka tartsatsi ke nan, kuma wannan 'yar wutar ta jiki ta isa ta kashe ram, 'yan sandunan nan da kwamfuta ke riƙe aikin da take ciki a kansu. Shi ya sa duk sanda zan sa hannu sai na fara dafa ƙarfen akwatin.

Ba na son a ɗora wa madabod, wato babban faifan da sauran kayan kwamfuta ke jone a kansa, laifi tun ba a tambayi sauran ba, don shi ne ya fi wuyar samu. Na fara da fawa-fak, akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta. Na wannan jerin yana da ɗan maɓallin gwaji a baya. Na danna, fitilarsa ta kawo kore. Ban tsaya nan ba. Na zare babbar wayar mai baki 24, na miƙe kilif ɗin takarda na haɗa koriyar waya da baƙa, fankarsa ta tashi. Mita ta ba ni bolt 12.1 a rawaya, 5 a ja, 3.3 a mai ruwan lemo. Ƙa'idar ita ce kada su kauce da fiye da kashi 5 cikin 100, rawaya ke nan ta tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Sai dai gwajin kilif gwaji ne ba kaya a ka, don haka na aro fawa-fak wurin wani maƙwabci na jona. Kanwar ja ce.

Sai ram. Guda biyu ne, kowanne giga 2. Na goge haƙoransu da kilinar fensir, na gwada ɗaya-ɗaya a ramukan huɗu. Shiru. Na cire su gaba ɗaya na kunna, tunda bod mai rai in ya nemi ram ya rasa kuka yake yi ta 'yar lasifikarsa. Wannan ko tari bai yi ba. Na sauya batirin CR2032, shi ma a banza. Furosesan Core 2 Duo E8400 ne, wanda Intel ya fitar a farkon 2008. Na kai shi wurin wani mai gyara ya ɗora a kan bod ɗinsa mai soket 775, wato irin mazaunin da wannan furosesan ke hawa, ya tashi lafiya lau.

Da na haska gefen soket da fitilar waya sai na ga kafasita uku, 'yan gwangwanayen nan masu daidaita wuta, sun kumbura, kansu ya yi tudu maimakon ya kwanta, ɗaya har ya tsattsafo da wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kansa. Wannan ba aikin yamma ɗaya ba ne. Kawu wuta yake ta tsine wa, ni kuwa a ganina iska ce ta iske kaba na rawa: shekaru ana dafa bod ɗin nan ƙarƙashin bargon ƙura a shago mai rufin kwano.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na ce bari a gwada ceto shi tukuna. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin ta wajen Kasuwar Bacci, hannunsa ba ya rawa a kan dalma. Ya sauya kafasitocin uku da masu awo ɗaya, masu jure zafi digiri 105, yana ta ƙorafin cewa bod ɗin kwamfuta hawa-hawa ne a ciki, shanye zafi yake, ƙaramin ayan na narka dalma ba ya iya masa. Muka jona. Ruwan goro dai. Ya auna gefen soket, inda ake sauke bolt 12 zuwa ɗaya da 'yan kai da furosesa ke ci, ya ce babu abin da ke isa wurin, kuma ɗan ai-si ɗin, wato ɗan cif da ke ba da umarnin sauke wutar, yake zargi.

"Yaro, zan iya nemo shi in ɗora, amma ban san me kuma ya tafi da shi ba. Kada in ci kuɗinka." Na ce, "Na gode, Baba." Kuɗin kafasita kawai ya karɓa.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Yau na yi wauta, kuma gara in rubuta ta yadda ta faru.

Na shiga shagunan kwamfuta na wajen Ahmadu Bello Way ina cigiyar madabod ɗin OptiPlex 760 mai tsayuwa. A shago na huɗu aka dace. Mai shagon ya sa yaronsa ya kwance shi daga wata da akwatinta ya lotse, ya ɗora nasa furosesa da nasa ram, ya nuna mini tambarin Dell ya fito a monita. Na biya, na dawo gida ina jin kaina.

Ya zauna a akwati daram. Ramukan noti duk sun dace, kafofin baya sun leƙo ta inda ya kamata. Na ɗora furosesa na kulle. Na ɗauko ram zan danna, ya ƙi shiga. Na juya shi, ya ƙi. Allah Ya sa ban sa ƙarfi ba. Na ɗaga shi a haske na gwada da ramin, sai na ga tsagar da ke tsakanin haƙoransa ta kauce wa ɗan tudun da ke cikin ramin. Sannan na karanta sitikar jikinsa: PC3-8500. Ram nau'in DDR3 ke nan. Ranar Talata na riƙe shi a hannuna, har goge masa haƙora na yi, ban karanta ba.

Shi kuwa 760 DDR2 yake ci. Dukansu haƙora 240 ne, tsawonsu ɗaya, da gangan aka gusar da tsagar don kada a cusa wani a gurbin wani, tunda DDR2 bolt 1.8 yake so, DDR3 kuwa 1.5.

Na zauna ina tambayar kaina yadda aka yi ram ɗin DDR3 ya yi shekaru yana aiki a cikin 760. Amsar ita ce bai taɓa yi ba. Abin da ke cikin akwatin nan ba 760 ba ne. Mai shago ba shi da laifi ko kaɗan, abin da na tambaya ya ba ni.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Bayan isha'i na ɗauko mataccen bod ɗin na yi masa kallon da ya kamata in yi tun ranar farko. Akwai wata 'yar farar sitika mai zanen layuka, ƙura ta mayar da ita ruwan ƙasa. Na goge ta da auduga, na ɗauki hotonta na faɗaɗa. Rubutun ya fara da CN-0C27VV, sannan wasu lambobi, ya ƙare da harafin A da lamba biyu.

Ga yadda ake karanta ta. Haruffa biyun farko ƙasar da aka ƙera shi ce, CN kuwa Sin. Sai sifili, sai haruffa biyar, waɗanda su ne ainihin lambar kayan a wurin Dell. Na tsakiya na masana'anta ne da ranar ƙira da lambar shi kansa bod ɗin, ba su shafi mai nema ba. Na ƙarshen, A00 ko A01 da sauransu, gyaran fuska ne da aka yi wa samfuri ɗaya. C27VV madabod ɗin OptiPlex 780 ne mai tsayuwa. Shi 760 a 2008 ya fito da cif-set Q43, 780 ya biyo shi a 2009 da Q45 da DDR3, a akwati iri ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Na kira Kawu na tambaye shi ko an taɓa buɗe ta. Ya ce a haka ya saye ta. Babu mamaki. Masu harhaɗa kwamfutocin hannu in fuska ta fashe a hanya sai su ciro ta wata su maƙala, in bod ya mutu su zuba na wata a akwatin. Dell na manna wata lamba mai haruffa 7 a jikin akwati wadda ake bincika tarihin kwamfuta da ita, ta Kawu ta koɗe ba ta karantuwa. Ko da tana nan ma, labarin abin da ya baro masana'anta za ta ba ni, ba abin da ke ciki yau ba. Da kwamfutar na da rai, F2 kawai zan danna BIOS, shafin saitin da ke cikin bod, ya faɗa mini sunanta. Matacciya kuwa sai sitikar da ke jikin bod.

Sanin cewa 780 ce ma bai gama magana ba, don girma huɗu aka yi ta: mai tsayuwa, mai kwanciya, ƙarama, da 'yar mitsitsiya. Kowace da nata bod ɗin. Na mai kwanciya 200DY na gani ana rubutawa, na ƙaramar 3NVJ6. Ko ba lamba, ana gane ukun farko da ƙirga ramukan kati: huɗu a mai tsayuwa, uku a mai kwanciya, biyu a ƙarama. Bakin wutar ƙananan ma ya fi na tamu ƙanƙanta, fawa-fak ɗinmu ba zai shiga ba.

Wani abokina ya ce me ya sa nake wahalar da kaina, in sayi bod ɗin G41 na gama-gari, mai soket 775 da DDR3, suna nan birjik. Gaskiyarsa ta fuskar furosesa da ram. Amma su tsarin ATX ne, wanda Intel ya kafa tun 1995 kuma har yau shi ake bi. Wannan akwatin kuwa a tsarin BTX yake, wanda ya shigo kasuwa a 2004, Intel ya daina ci gaba da shi a 2006, Dell kuma ya ci gaba da amfani da shi a kwamfutocin ofis na wasu shekaru. A BTX komai a juye yake, kamar ka kalli ATX a madubi. Ta dama ake buɗe akwatin, furosesa yana gaba daf da fankar da ke zuƙo iska. Fankar baki 5 gare ta, maɓalli da fitilu da USB na gaba duk a faffaɗar waya guda suke zuwa. In na ɗauki G41, sai na sayi akwati, da fanka, da abin sanyaya furosesa, kusan sabuwar kwamfuta na haɗa ke nan. Na ajiye wannan a matsayin mafita ta ƙarshe.

Akwai kuma hanyar riƙe bod ɗin 760 da ke hannuna, in nemi DDR2. Ina da yaƙinin zai yi aiki, furosesan ya dace, kafar siriyal da ta firinta duk yana da su. Abin da ya hana ni: zan zubar da lafiyayyen ram giga 4 in je farautar wanda ya fi shi tsufa da wuyar samu, kuma ina son Windows ɗin Kawu ta farka ta ga gidan da ta saba.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na mayar da bod ɗin 760. Na ce, "Oga, kuskure daga wurina ne." Ya dube shi gaba da baya, ya haska soket, ya rage ɗan abu na wahalar yaronsa ya ba ni sauran. Ya ce 780 mai tsayuwa ba shi da ita, ƙanana ne suka cika gari. Shaguna biyar na ƙara shiga, maganar ɗaya ce. Wani ya nace mini cewa 780 ai 780 ce, ya miƙo mini na ƙarama. Na ƙirga masa ramukan kati a gabansa, biyu, ya yi dariya ya mayar.

Daga nan na faɗa Panteka. Wanda bai taɓa neman kayan kwamfuta a can ba zai ɗauka wurin maƙera da masu walda ne kawai, alhali 'yan gwangwan na sauke komai a wurin. Wani matashi ya kai ni bayan rumfarsa ya zazzage mini buhu biyu na bod a ƙasa. Shi a kilo yake sayar da su ga masu kwasa, sunan kowanne bai dame shi ba. Na tsuguna kusan awa ɗaya ina juya su, rana na dukan ƙeyata, hannuna ya yi baƙi ƙirin. Aikin ya yi sauƙi tunda yanzu na san abin da nake kallo: in siffar ba ta BTX ba ce in wurga gefe, in ita ce in tofa wa sitika yawu in goge in karanta.

Na sami 200DY guda. Can ƙasan buhu na biyu kuma sai ga C27VV. Gabana ya faɗi don murna, sai na ɗaga murfin soket. Tun daga 2004 da aka fito da soket 775, haƙoran ba a jikin furosesa suke ba, a jikin bod suke, siraran wayoyi 775 a jere, kowace da ɗan lanƙwasanta. Lafiyayyen soket in ka haska shi ta gefe sheƙinsa ɗaya ne daga bango zuwa bango. Wannan kuwa kusurwa guda ta kwanta kamar gonar gero da iska ta bi ta kai, wani bod ɗin ya danne shi a buhu. In ɗaya ne ko biyu, ana tayar da su da allura da haƙuri. Na ƙirga har ashirin na bari.

Ban fito hannu rabbana ba, na sayi fanka mai baki 5 da faffaɗar wayar gaba, don ranar da za a neme su.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Kawu ya kira sau biyu jiya. Ayyuka sun taru, yana kai yanka wani shago yana biya, ribar tana tafiya can. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, ana dai ciki ko?" Wannan ta fi faɗa ciwo.

Na tuna da wani abokin karatuna da ke harkar kwamfuta a Beirut Road a Kano. Wannan karon ban ce masa 780 ba, hoton sitikar na tura masa ta WhatsApp na ce haruffa biyar ɗin nan nake so, ba mai kama da su ba. Kafin la'asar ya samo. Na ce kada ya biya sai ya turo mini hoton sitika, da hoton soket da haske ta gefe, da hoton kawunan kafasitoci, da bidiyon bod ɗin ya shiga BIOS da ram a kowane rami cikin huɗun. Ya ce, "Malam, kai ko aure za ka yi sai haka." Amma ya turo duka.

Ya kuma faɗa mini abin da ya sa na yi shiru: kuɗin bod ɗin da na mota in an haɗa, saura kaɗan su kai kuɗin cikakkiyar 780 mai tsayuwa a wurinsu. Da na san sunanta na gaskiya tun ranar 3 ga wata, da ita zan ce a ɗoro, in mayar da had-disk kawai, in sami fawa-fak da furosesa na ajiya a kai. Yanzu kuɗin da ya rage a hannuna na bod ne. Na yi masa tiransifa, na roƙe shi ya rufe soket da kwali ya ɗaure, kada ya sa shi a baƙar leda tsirara, ya nemi kwali mai kauri.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Direban ya kira ni wajen ƙarfe 11 ya ce ya shigo tashar Kawo. Kwalin na ƙarƙashin kujerarsa, ba a but ba, Allah Ya saka masa. A nan tashar na buɗe na karanta: CN-0C27VV. Soket sumul.

A gida na bi abin a hankali. Na goge tsohon man da ya bushe a kan furosesa da ƙarfen sanyaya shi, na daidaita tsagogin gefensa biyu da na soket na ajiye shi, ba dannawa, na kulle. Sabon mai kamar ƙwayar wake a tsakiya. Ram ya shiga da 'yar ƙarar nan tasa, ƙas, ta kowane gefe. Babbar waya mai baki 24, ƙaramar mai baki 4 ta furosesa wadda mantawa da ita ke sa mutum ya ɗauka bod ya mutu, fanka, wayar gaba, sabon batiri. Had-disk ban jona ba tukuna.

Na yi bisimilla na danna. Ruwan goro na ɗan lokaci, sai kore. Lambobin 1 2 3 4 na gaba suka yi wasansu suka mutu, tambarin Dell ya fito, a ƙasansa an rubuta OptiPlex 780. Na shiga BIOS na gyara kwanan wata, na ga giga 4 cif, na ga E8400.

Na kashe, na jona had-disk, na kunna. Tambarin Windows 7 ya fara haɗuwa, sai allo ya yi shuɗi, ta sake tashi da kanta. Sau uku tana haka. Na danna F8 na hana ta sake tashi don in karanta: 0x0000007B. Wannan lambar ba ta tsorata ni ba, ma'anarta Windows ta kasa isa ga had-disk ɗin da take kai. Yawanci ba lalacewa ba ce, yare ne ya bambanta. BIOS na iya gabatar da had-disk ta hanyar AHCI ko ta tsohuwar hanyar ATA, Windows 7 kuma wadda aka girka ta a kai ita take tashi da ita. Na koma F2, wurin da aka rubuta SATA Operation, na tarar yana kan AHCI. Na mayar ATA.

Ta buɗe. Hoton Ka'aba da Kawu ya sa a fuskar allo, da tarin fayilolinsa da suka rufe rabinsa, komai na nan inda ya bari. Na bar ta a kunne har magariba ina taɓa ƙarfen sanyayawa lokaci-lokaci. Ɗumi kawai.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Na kai ta shago da safe. Muka jona injin yanka, muka maƙala mabuɗi a kafar firinta, yaron shago ya buɗe manhaja. Ta ce ba ta ga mabuɗi ba. Kawu ya dube ni, bai ce komai ba.

BIOS na sake komawa. Ashe duk ofishin da bod ɗin nan ya yi aiki a da, sun kashe kafar firinta gaba ɗaya. Na kunna ta, na tabbatar adireshinta 378 ne, na duba siriyal tana COM1. Manhaja ta buɗe. Saurin siriyal yana 9600 a manhaja, haka yake a jikin injin. Kawu ya zura jar sitika, ya ɗauko aikin wani mai Keke da ya yi sati biyu yana zarya. Wuƙar ta sauka, ta fara 'yar ƙararta, ta yanke "Allah Ya kiyaye hanya" ba tare da ta tsallake harafi ba. Ya ɓare ya ɗaga a haske ya duba gefunan, ya ce, "Madalla. Allah Ya yi maka albarka."

Yaron shago ya tambaya ko za a sa mata Windows 11 tunda ta warke. Na ce ko kusa, furosesan ya girmi abin da take karɓa nesa ba kusa ba. Na kuma ja masa kunne kada ya jona ta da intanet don saukar da hotuna: Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020, ita kanta Windows 10 an rufe nata babin ranar 14 ga watan jiya. Abin da zai sauke ya sauke a wayarsa, filashin da zai kawo shi a bincika shi tukuna.

Na ɗaga ta daga ƙasa na ɗora a kan benci, na bar tazara tsakaninta da bango. Na nuna wa yaron inda zai hura da bulowa duk ƙarshen wata har hunturu ya wuce. Kawu ya yarda zai sayi sitabilaiza, ya kuma yarda a riƙa kwafe zanensa a filashi duk Juma'a, ko da yake yadda ya amsa ɗin bai gamsar da ni ba, zan riƙa leƙowa.

Kafin in tafi na ce a yanka mini 'yar farar sitika. Na liƙa ta a kan 760 ɗin da ke goshi, an rubuta 780, C27VV, DDR3, ATA. Wata kuma na manna a cikin murfi. Abokina na Kano ya ce akwai sauran guda ɗaya a wurin mutumin, na ce ya riƙe mana shi zuwa ƙarshen wata, in Kawu ya karɓi kuɗin allunan makarantar da ke hannunsa.